Karayar ƙafa a jirgin ruwa: yadda na bi haƙƙina daga Tawa

Mutanen Adar ba baƙin bakin teku ba ne. Tun zamanin kakanni ake tashi daga Tawa, Illela, Buza da Keita a tafi bida Abijan, Kwatano ko Lome. Sai dai yawancinmu a tudu muke tsayawa: tireda, sayar da nama, gadi, dako a kasuwar Ajame. Kaɗan ne suka shiga cikin jirgin da kansa. Ni na shiga, na fito da karyayyar ƙafa, kuma daga ɗakina a Tawa na bi haƙƙina har ya fito. Samarin da ke tambayata hanyar samun aikin jirgi sun yi yawa, ba kuma wanda ya taɓa tambayata abin da ke faruwa idan mutum ya ji ciwo a can.

Da dako na fara a tashar jiragen ruwan Abijan. Daga baya na tara kuɗi na yi gajeren kwas na kashe gobara, agajin gaggawa da tsira a ruwa, a makarantar koyon aikin teku da ke Yopugon, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta duk da ba mu da teku. Wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya sa ni a jirgin dakon shinkafa da dutsen siminti a matsayin matalo, wato ƙaramin ma'aikacin saman jirgi. Tutar jirgin ta Laberiya ce, mai shi yana Girka, manyan ma'aikata yawancinsu ƴan Filifin, mu na ƙasa kuwa ƴan Gana, Kodebuwa da Sanagal, sai ni kaɗai ɗan Nijar.

A watan Oktoba na 2022 muka tsaya Las Palmas, tashar da ke tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sipaniya, don shan mai. Ina gaban jirgi muna ɗaure shi, inji yana jan igiya, sai ɗaya ta tsinke. Igiyar ɗaure jirgi kaurinta ya kai dantsen ƙato, idan ta tsinke tana miƙe kuwa baya take dawowa kafin ƙiftawar ido. A ƙwauri ta same ni. Ƙasusuwan biyu suka karye, idon sawu ya dagargaje.

Wanda ya fara yi mini aikin lauya tun kafin in san ina buƙatar lauya shi ne boskonmu, shugaban matalo, wani dattijo ɗan Gana da ya tashi a zangon Takoradi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Ƙwanni. Da yamma ya zo asibiti ya karɓi wayata.

Ya ce, “Ɗana, jirgi gobe zai tashi, kai kana nan. Abin da ba ka riƙe a hannu ba yau, ba za ka sake ganinsa ba.”

Na ce, “Baba, ni ƙafata nake ji.”

Ya ce, “Ƙafa ta likita ce. Takarda taka ce.”

Ya koma jirgi ya ɗauko mini hotuna: kwantiragina shafi-shafi, yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da kwantiragin ya jingina da ita, takardar inshora da ke manne a bango kusa da ɗakin cin abinci, shafin littafin jirgi inda kyaftin ya rubuta hatsarin, da bakin igiyar inda ta tsinke. Ya rubuta mini lambar jirgin ta IMO, lambobi bakwai da ba sa canzawa ko an sake wa jirgi suna, ko an sake masa tuta, ko an sayar da shi. Duk abin da na yi daga baya a kan waɗannan hotunan na gina shi.

An yi mini aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi. Ina kwance sufeton ITF ya zo, wato ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya mai hedkwata a Landan, wadda ke da wakilai a manyan tashoshi. Da Faransanci muka yi magana, kuma daga bakinsa na fara jin cewa abin da ake yi mini ba alfarma ba ce. Akwai yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, ma'aikatan jirgi na ce mata MLC. Ta fara aiki ranar 20 ga Agusta 2013, Laberiya ce ma ƙasar farko da ta amince da ita. Ba ta tambayar garin da aka yanke wa mutum cibi, tutar jirgi take dubawa. A ƙarƙashinta, wanda ya ji rauni a bakin aiki, mai jirgi ne ke biyan magani, aikin likita, abinci da masauki har ya warke ko likita ya tabbatar naƙasar ta zauna. Cikakken albashi yana tafiya har a mayar da mutum gida, kuɗin mayarwar ma na mai jirgi ne. Ƙasa na iya taƙaita wa'adin wannan nauyi a dokarta, amma ba ƙasa da mako 16 ba. Abu uku kaɗai ke iya sauke masa shi: raunin da ba a hidimar jirgi aka same shi ba, wanda mutum ya jawo wa kansa da gangan, da ciwon da ya ɓoye lokacin da ake ɗaukarsa.

Sufeton ya buga lambar jirgin a wayarsa, ya ce na yi sa'a, jirginmu yana da yarjejeniya da ITF, abin da ke cikinta kuma ya fi na MLC. Ya ce MLC ƙasan gini ce, kwantiragi ne ke faɗin adadi. A nan bari in ja kunnen ƴan'uwa da ke jiragen kamun kifi a Abijan, don sun fi mu yawa: MLC ba ta shafi jirgin su ba. Tasu yarjejeniyar daban ce, mai lamba 188 ta shekarar 2007, kuma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai yawan na waccan ba.

Da aka sallame ni, kamfani ya so ya mayar da ni Abijan inda aka ɗauke ni. Wa zai yi jinyata a Abijan, a ɗakin da muke kwana mu takwas? Na ce ƙasata nake so, tsarin ya ba ni wannan zaɓi. Aka yanka mini tikiti ta Kasabalanka zuwa Yamai, yayana ya tarbe ni, muka kama hanyar Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, har Tawa, ƙafa a miƙe a kan kujeru biyu.

Gwagwarmayar farko a gida aka yi ta. Kafin in kwana biyu an kawo maɗori daga ƙauye, mutumin kirki wanda ya ɗora rabin unguwarmu. Na ce a yi haƙuri, akwai ƙarfe a ciki. Baba bai ji daɗi ba.

“Kai yaro, karaya tun kaka da kakanni ɗori aka yi mata. Mi nasara ya sani da ƙashi wanda mu ba mu sani ba?”

Na ce, “Baba, ba raini ba ne. In aka taɓa ƙafar nan ba da sanin likita ba, gobe in ta lalace cewa za su yi mu muka lalata ta, su janye hannu.”

Inna ce ta raba gardamar, ta ce a bar yaro da ƙarfensa, a ba maɗori goronsa. Tofi da addu'a kuwa ban hana ba, ba sa taɓa kusa.

Sai rayuwar takarda ta fara. Bayan an mayar da mutum gida, tushen albashi kaɗai ake biya, ban da kuɗin ƙarin awoyi, wanda a jirgi shi ne ke cika aljihu. Mafi ƙarancin tushen albashin ƙwararren matalo da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar ya kasance dalar Amurka 658 a wata daga Janairun 2023, namu ma bai yi nisa da haka ba. A Tawa kuɗi ne, amma gidan da ya saba da ninkinsa sai da ya ji a tukunya. Magani, hoton ƙashi, gashin ƙashi da kuɗin mota zuwa Yamai, ni ke fara biya, sannan in aika rasit a mayar mini. Ba mai jirgi ke mayarwa da hannunsa ba. Masu jirage suna da ƙungiyoyin inshora na haɗin gwiwa da ake kira P&I, manyansu 12 ne, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na manyan jiragen duniya a hannunsu suke. Kowace tana da wakili a tashoshi, nawa yana Abijan. Wannan wakili ba ya karɓar rasit marar hatimi, ba ya karɓar takardar magani marar kwanan wata. Na koyi tsayawa a farmasi in ce a buga mini hatimi ko da ƙwayar jika biyu na saya. Kowane wata likita ya rubuta rahoto da Faransanci, in ɗauki hotonsa in tura, in ajiye asalin a cikin jakar roba a ƙarƙashin katifa.

Ana cikin haka, wani wata kuɗi bai shigo ba. Na kira Abijan, aka ce kwana 130 sun cika, albashin jinya ya ƙare, haka kwantiragi ya ce. Na dogara sanda zuwa ofishin kula da ƙwadago a nan Tawa. Jami'in ya karanta takardun da natsuwa, ya gaya mini gaskiya: “Malam, ikonmu a kan ma'aikatun da ke cikin Nijar yake. Wanda ya ɗauke ka yana Kodebuwa, mai jirgi yana Girka, doka ta Laberiya ce. Ko na rubuta sammaci, wa zan miƙa wa?” Ya yi daidai, kuma ya rage mini yawo.

Da dare na buɗe hotunan bosko na bi yarjejeniyar layi-layi, wani ƙanena malamin Ingilishi a kwaleji yana fassara mini. Kwana 130 yana nan, ba ƙarya suka yi ba. Amma na rashin lafiya ne, irin zazzaɓi ko ciwon ciki. Sakin layin da ke bi masa ya ce idan hatsari ne, tushen albashi zai ci gaba har mutum ya warke ko likita ya yanke hukunci a kan naƙasa. Layi biyu ne a jere, aka karanta mini na sama aka yi shiru a kan na ƙasa. Na tura wa sufeton ITF hoton shafin, ya rubuta wa inshora wasiƙa, albashi ya dawo har da na watannin da aka riƙe. Ba a ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba.

A lokacin ne maganar diyya ta fara yawo a gida, Baba ya sake tsayawa. Shi a wurinsa neman kuɗi a kan ciwo kamar jayayya ce da hukuncin Allah. “Wanga abu ƙaddara ta. Ka bar ma Allah.” Ban iya musu da shi ba, sai na roƙi limamin unguwarmu ya zo bayan la'asar.

Na ce, “Allah gafarta Malam, kuɗin da za a ba ni saboda ƙafar nan, ya halatta?”

Malam ya juya ga Baba ya ce, “Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, diyya ma shari'a ce. A fiƙihunmu cikakkiyar diyyar rai raƙumi ɗari ce, ko dinari dubu. Hannu guda rabin diyya, ƙafa guda rabin diyya, haka idan amfaninta ya tafi ko tana nan a jiki. Wanda ya karɓi haƙƙinsa bai yi wa Allah gardama ba. Kuma wannan ma alkawari ne aka rubuta tun kafin ya shiga jirgi.” Daga ranar Baba bai sake hanawa ba, sai dai duk sanda ya ga ina danna waya ya ce, “Har yanzu shari'ar taku ba ta ƙare ba?”

Ɗan kawuna da ke Amurka shi kuma ta wani ɓangare ya ɓullo. Ya riƙa turo mini tallan lauyoyin can a WhatsApp, yana cewa miliyoyin dala na kwance ina barci a kansu. Har ya haɗa ni da wata lauya a waya, shi yana tafinta. Na amfana da hirar ko da ba ta kai ni ko'ina ba. Dokar da ake tallan a kanta ita ce dokar Jones ta 1920. Ta ba ma'aikacin jirgi damar kai wanda ya ɗauke shi aiki kotu a kan sakaci, a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, cikin shekara uku daga ranar rauni. Ana biyan albashin da ya wuce, da wanda zai rasa nan gaba, da kuɗin magani, da diyyar azaba da wahalar da ya sha. Ban da ita akwai tsohon haƙƙin ciyarwa da jinya, wanda ba ya buƙatar a nuna laifin kowa, akwai kuma ƙara a kan cewa jirgi ko kayan aikinsa ba su dace da teku ba, inda ruɓaɓɓiyar igiya kaɗai ta isa hujja. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ana iya cin mai jirgi tarar ladabtarwa idan ya hana kuɗin jinya da gangan, a 2019 kuma ta ce ba a cin irin wannan tara a ƙarar rashin dacewar jirgi.

Sai lauyar ta jero tambayoyi. Tutar wace ƙasa? Mai jirgi ɗan ina? A ina aka sa hannu a kwantiragi? A ina hatsarin ya faru? Ina nake zaune? Babu Amurka ko a amsa ɗaya. Ta ba mu labarin shari'ar 1953, ta wani ɗan Danmak da ya ji rauni a tashar Habana a jirgin Danmak. A Niyok ma aka ɗauke shi aiki, duk da haka Kotun Ƙoli ta ce dokar Danmak ce za ta yi aiki. Ɗan kawuna bai saduda ba, ya ce ai ofishin rajistar jiragen Laberiya a jihar Bajiniya yake. Ta ce haka ne, amma wannan bai mayar da jirgin na Amurka ba. Nan maganar miliyoyi ta tsaya, muka koma kan takardar da ke hannuna.

Abin da takardar ta ce a kan naƙasa shi ne zuciyar lamarin duka. Wanda hatsari ya bar wa naƙasa ta dindindin za a biya shi, ko da kuskurensa ne, in dai ba da gangan ba. Wannan ya kashe maganar da aka fara jefo mini, wai na tsaya a inda igiya ke dawowa. Akwai jadawali: cikakken adadi na ƙaramin ma'aikaci ya ɗan haura dalar Amurka dubu 100, a biya mutum gwargwadon kason da likita ya yanka masa. In an ce kashi 20, kashi 20 na adadin ke nan. In ya kai kashi 50, ana ɗaukarsa ya gama da teku, a biya shi duka. Sannan ga layin da aka yi rigima a kansa: ko bai kai 50 ba, idan likita ya tabbatar ba zai sake iya kowane irin aikin jirgi ba har abada, duka za a biya. Tsakanin kashi 20 da cikakken adadi, jimla ɗaya ce ta likita.

A watan Yunin 2023 aka kira ni Abijan wurin likitan da kamfani ya zaɓa. Ya duba hoto, ya sa na taka, ya lanƙwasa ƙafar har inda ta tsaya. Rahotonsa ya ce kashi 20, kuma zan iya “aiki marar nauyi”. Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin dako ya san ba a yi wa matalo aiki marar nauyi ba tukuna. Tsani ne a miƙe, ƙarfe mai santsi, jirgi yana tangaɗi, in gobara ta tashi kuma kowa da gudunsa. Ni da idon sawuna ba ya lanƙwasawa, matakalar masallaci ma a karkace nake hawanta.

Washegari wakilin ya kira ni ofis, ya ajiye takarda shafi biyu da Ingilishi, ya ce in na sa hannu kuɗi za su shigo kafin mako ya zagayo. Ya ƙara da cewa in na ja, abin zai iya kai shekaru, wataƙila ma in tashi a tutar babu. Na ce, “Mushe, zan tafi da ita a karanta mini.” Bai so ba, amma ya bari na ɗauki hoto. A shafi na biyu aka rubuta cewa na yafe duk wani haƙƙi, na yanzu da na gaba, a kowace ƙasa. Gyaran da aka yi wa MLC a 2014, wanda ya fara aiki ranar 18 ga Janairu 2017, ya yi magana a kan wannan kai tsaye: a biya diyyar kwantiragi cikakkiya ba tare da jinkiri ba, kada a matsa wa mutum ya karɓi ƙasa da ita, idan tantance naƙasar zai ɗauki lokaci a ba shi wani abu ya riƙe, kuma karɓar ta ba ta rufe masa sauran ƙofofin shari'a. Mutum ko magajinsa na iya nema kai tsaye daga inshorar da sunanta ke kan takardar bangon nan. Ban sa hannu ba. Ta hannun ITF na nemi a ba ni kashi 20 ɗin a matsayin somin-taɓi, tunda su da bakinsu sun amsa shi, aka kuwa biya da rasit na karɓar kuɗi kawai.

Kwantiragi ya ba ni damar kawo nawa likitan. Na je Yamai wurin wani ƙwararren likitan ƙashi, na kai masa jerin ayyukan matalo da na rubuta da hannuna, da ƙa'idojin gwajin lafiyar ma'aikatan jirgi, don likitan tudu ba lallai ya san me ake nema ga mai hawa jirgi ba. Ya auna lanƙwasar ƙafar da ma'auni, ya gwada tsawon ƙafafun biyu, ya ce hagu ta gajarta. Ya rubuta kaso mafi yawa, ya kuma rubuta a fili cewa ba zan sake iya aikin teku ba. Likita biyu sun saɓa ke nan. Tsarin ya ce a irin haka kamfani da ƙungiyar ƙwadago su haɗu su zaɓi na uku, hukuncinsa ya hau kan kowa.

Ana neman na ukun ne aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga wata CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyakoki suka rufe, hada-hadar bankuna ta tsaya cik, Najeriya ta yanke wuta. Albashina ya maƙale a hanya, sai da na ba da asusun wani amintaccen ɗan garinmu a Abijan, shi ya karɓa can, ɗan'uwansa mai shago ya ba ni a kasuwar Tawa. Wasiƙa guda sai in jira dare a kawo wuta in yi cajin waya. An daidaita a kan wani likita a Kwatano, amma gadar Gaya da ta haɗa Nijar da Benin a rufe take. A ƙarshen shekara na bi hanyar da kowa ke bi lokacin, kwale-kwale daga Gaya zuwa Malanbil, samari biyu suka ɗaga ni suka ajiye a kan buhunan albasa. Matuƙin ya tambaye ni ko na taɓa shiga ruwa.

Likita na uku bai yi sauri ba. Ya sa na hau matakala na sauko, ya sa na tsuguna, na kasa, ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya. Ya karanta rahotannin biyu a gabana. Hukuncinsa ya fito a farkon 2024: kaso bai kai 50 ba, amma ba zan sake aikin jirgi ba, a kowane matsayi. Jimlar da ake nema ke nan, kuma ita ce ta rufe mini sana'ar da na sha wahala kafin in samu. Ranar da saƙon ya shigo gidanmu ana ta barka, ni kuwa na rasa wace fuska zan yi.

Saura sa hannu. An sake aiko da takarda, wannan karon na kai wa wani lauya a Yamai, muka gwada ta da samfurin rasit da ke cikin MLC. Ya soke layi ɗaya, ya sa aka rubuta cewa na karɓi diyyar kwantiragi, haƙƙina na yin ƙara a kan sakaci yana nan, sai dai a cire abin da na karɓa daga duk abin da kotu za ta ba ni. Na tambaye shi, “Metir, in suka ƙi fa?” Ya ce ba su da hujjar ƙi. Sun ɗan ja, suka amince. Na sa hannu a gaban notar, aka aika asalin takardar. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi a taron Abuja, bayan ƴan makonni ragowar kuɗin suka shigo. Banki ya riƙe su sai da na kai kwantiragi, rahoton likita da wasiƙar inshora don nuna asalinsu, sannan aka juya su sefa. Adadin ba zan rubuta ba, Tawa ƙaramin gari ne, kuma dangin da ban taɓa gani ba sun riga sun yi lissafinsu.

Maganar sakaci na bi ta har wurin wani lauya a Las Palmas da ITF ta haɗa ni da shi. Ya ce hoton igiyar yana nuna ta tsufa, kuma a ƙarar sakaci ne ake samun abin da jadawali ba ya biya, wato azaba da albashin shekarun da suka rage mini. Amma ya shimfiɗa mini wahalar. Bashin rauni yana manne da jirgin kansa, ana iya sa kotu ta tsare shi a tasha har a ajiye jingina, sai dai a yarjejeniyar duniya ta 1993 a kan bashin da ke manne da jirgi, wannan fifiko shekara ɗaya yake yi, ta kuma wuce. Jirgin an sayar da shi, yana yawo a Asiya da sabon suna, da lambar nan bakwai na gano shi. Kamfanin da ke kan takarda ba shi da wata dukiya sai wannan jirgi guda, haka yawancinsu suke yi. Igiyar an zubar, shaidu sun watse ƙasashe huɗu, bosko ya yi ritaya. Na auna, na bar ta.

Albashin jinya da kuɗin magani sun tsaya daga ranar hukuncin likita na uku, haka kwantiragin ya ce. Ƙarfen yana nan a ƙafata, likitan Yamai ya ce a cire shi bayan damina, kuma wannan aikin daga aljihuna za a biya shi.